KUNUN GYAƊAR DA NA ZUBAR

 

Waɗanda suka saba karanta littattafaina sun san ni da labaran soyayya da na zaman aure, to yau ba ƙagaggen labari na kawo muku ba. Abu ne da ya faru da ni a cikin ɗakina, wanda har yanzu in na tuna shi sai na ji kunya ta rufe ni. Na daɗe ina shawarar in rubuta ko in bari, sai na ga in na yi shiru wata ma za ta iya yin irin wautar da na yi, ta ɓata da surukarta a banza, ta kuma cuci ɗanta tana ganin gata take yi masa.

Lokacin ina da tsohon cikin 'yata ta uku muna zaune a wani gidan haya a Kurna, mu huɗu ne matan aure a gidan, kowacce da ɗakinta da 'yar rumfarta. Matar da ɗakinta ke kallon nawa tana da yaro ɗan shekara ɗaya da wata biyu. Tun yana jariri fatarsa ba lafiya, kumatunsa da bayan gwiwoyinsa su bushe su tsattsage, ya yi ta susa har jini. Wata rana da la'asar muna zaune a tsakar gida ana cin kwaɗon zogale da ya sha ƙuli, sai yayarsa ta lakato ta sa masa a baki. Wallahi ko minti goma ba a yi ba sai muka ga leɓen yaro ya haye kamar an hura shi, idanu sun kumbura sun kusa rufewa, jiki ya yi rudu-rudu da borin jini. Ya yi amai sau biyu, can sai numfashinsa ya fara fita da wani irin fito.

Nan fa gida ya rikice. Wannan ta ce a ɗura masa manja, waccan ta ce iska ce a yi masa hayaƙi, uwar kuwa sai salati take tana jijjiga shi. Allah ya taimaka mijin ɗaya daga cikinmu yana gida, shi ya daka mana tsawa, ya fita ya taro adaidaita sahu suka nufi asibiti. An ce suna zuwa aka soka masa allura a cinya, kafin wani lokaci numfashi ya dawo. Kwana ɗaya suka yi aka sallame su. Da uwar ta dawo ta ce mana likita ya ce gyaɗa ce jikinsa ba ya karɓa, kuma kada a sake bari ya ɗanɗana, sai muka kalli juna. Gyaɗa? A garin Kano? Mu da muka tashi da ƙuli-ƙuli a aljihun kayan makaranta?

To ni dai hoton fuskar yaron nan bai bar idona ba har na haihu. Bahaushe ya ce wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu, ni kuwa ko sarana bai yi ba, gani kawai na yi. Ranar suna ina ba matar yayana labari, ita ta yi zaman Ingila da daɗewa, sai ta ce ai lokacin da ta haifi ɗanta na fari a can, an faɗa mata tunda akwai asma a danginsu kada ta ba shi gyaɗa sai ya cika shekara uku. Shi ke nan ta sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi. Na ce a raina tunda Turawa suka faɗa ai magana ta ƙare. Ga shi kuma yarinyar tana da ɗan bushewar fata a kumatu, sai na ƙulla a zuciyata cewa babu ita babu gyaɗa sai ta shekara uku.

Sai dai akwai abin da ban lissafa ba, wato surukata. Hajiya mace ce da ta yi rayuwarta gaba ɗaya a gindin kaskon suyar ƙuli. Man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da tunkuza su ne sana'arta tun tana amarya, takan ba mu labarin yadda ta ga dalar gyaɗa da idonta tana yarinya. Duk jikan da aka haifa mata, da zarar ya fara zama yana kai hannu kwano, sai ta damo kunun gyaɗa da kanta, ta tace shi tas, ta zubo a fulas ta kawo. Yayyen yarinyar nan biyu duk da shi suka fara.

Yarinya na da wata bakwai sai ga Hajiya ta yi sallama da fulas ɗinta. Ta ɗauke ta tana mata wasa tana cewa, "Kishiyata, yau dai za ki ci girkina ko kina so ko ba kya so." Gabana ya faɗi. Kunya ta hana ni in faɗa mata gaskiya, sai na ce, "Hajiya, yanzu ta sha nono, bari anjima na ba ta." Da ta shiga bayi yin alwala na ɗauki fulas na zagaya na juye kunun nan a makwarara, da nufin in ce an sha. Ina ɗagowa muka haɗa ido.

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi faɗan da ya fi mini sauƙi. Ta yi sallarta, ta ɗauki mayafinta, a bakin ƙofa ta juyo ta ce, "'Yar nan, da gyaɗar nan na biya wa mijinki kuɗin makaranta. Ban san yau ta zama guba ba." Ta fita ta bar fulas ɗin a nan.

Wata biyu Hajiya ba ta taka gidana ba. In na je gaishe ta ta amsa ciki-ciki. Maigida bai ce mini komai ba, amma kin san shirun namiji a kan maganar uwarsa ya fi duka ciwo. Ni kuma na kafe, ina ganin ai ran 'yata nake karewa. Kokon gero zalla nake dama mata, tsararo, sai nono.

Da ta cika wata tara na kai ta allurar ƙyanda. Aka ɗora ta a sikeli, malamar asibiti ta duba kati ta dube ni, ta ce nauyinta bai motsa ba tun zuwanmu na baya, me nake ba ta? Na faɗa mata. Ta ce ba na sa mata gyaɗa ko waken suya ko ƙwai a ciki? Sai na gyara tsayuwa da taƙama na ce ai ni ba na ba yaro gyaɗa sai ya shekara uku, haka ake yi a Turai. Ba ta ce komai ba, ta kama hannuna ta kai ni wajen wata likitar yara.

Likitar nan Allah ya saka mata da alheri, ba ta wulaƙanta ni ba. Ta saurari labarin ɗan maƙwabciyata har ƙarshe, ta duba kumatun yarinyar, ta tambaye ni ko ta taɓa cin ƙwai ya yi mata wani abu, na ce ta taɓa lasa kuma lafiya lau. Sannan ta ce, "Maman yarinya, abin da kika gani gaskiya ne, yana kuma iya kisa. Matar yayanki ma ba ƙarya ta yi ba, an taɓa ba da wannan shawarar. Amma su waɗanda suka ba da ita sun janye ta da daɗewa, ke ce kika tsaya a tsohuwar tasha." Ta buɗe durowa ta ɗauko 'yar ledar abincin nan da ake ba yara masu tamowa, ta ce in karanta abin da aka yi shi da shi. Gyaɗa ce da madara da sukari da mai, kuma tun daga wata shida ake ba yara. Da irinsa aka ceci dubban yara a Nijar a yunwar 2005.

Da na dawo gida na sa ƙanwata da ke karatun jinya ta nemo mini bayanin, ta zauna ta fassara mini dalla-dalla. Ga abin da na fahimta, zan faɗa miki da Hausar da na iya.

Shi wannan abu, jinin mutum ne ke yin kuskure. Sojojin da Allah ya sa a jiki don yaƙar cuta sai su ɗauki wani abinci a matsayin abokin gaba, da zarar ya shigo su far masa, garin faɗan su kumbura fata da maƙogwaro. A ƙasashe irin su Ingila da Amurka abin ya yi yawa a cikin yara, shi ya sa a 1998 hukumomin lafiya na Ingila, sannan a 2000 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, suka ba da shawarar cewa yaran da ke da irin wannan larura a danginsu a hana su gyaɗa sai sun shekara uku. Aka yi ta hanawa, amma abin bai ragu ba.

Sai wani likita a Landan, Farfesa Gideon Lack, shi da abokan aikinsa suka lura da wani abu. 'Ya'yan Yahudawa da ke Ingila sun ninka 'yan uwansu da ke Isra'ila kusan sau goma wajen wannan larura, alhali asalinsu ɗaya. Bambancin shi ne a Isra'ila akwai wani abin taɓawa na gyaɗa mai narkewa a baki, sunansa Bamba, da ake ba jarirai tun ba su shekara ba. Wannan ya fito a 2008. Daga nan suka shirya babban gwaji. Suka ɗauki jarirai 640 'yan wata 4 zuwa 11, duk masu tsananin ciwon fata ko waɗanda ƙwai ke tayar musu da borin jini, aka raba su gida biyu. Rabi ana ba su abincin gyaɗa a kai a kai, rabi an hana su, har suka shekara 5. Da sakamako ya fito a 2015, cikin waɗanda aka hana kusan 17 cikin 100 sun kamu, cikin waɗanda aka ba kuwa kusan 3 ne kawai. Aka ci gaba da bibiyar yaran, a 2024 aka sanar cewa har sun wuce shekara 12 kariyar tana nan. Tun 2017 Amurka ta fito da sabuwar shawara cewa a fara ba yara da wuri.

Kin ji fa, 'yar uwa. Ashe ina gudun gara ne na nufi gidan zago. Wani abin da ya ƙara kashe mini jiki shi ne, likitoci na ganin cewa yaro mai tsagaggiyar fata ta nan gyaɗar ke fara shiga jikinsa, daga hannun masu ɗaukarsa da ƙurar gida, jini ya yi mata mummunar fahimta. In kuwa ta baki ta fara shiga, ciki ya saba da ita a matsayin abinci. To ki duba gidan Bahaushe, ina ne babu gyaɗa? Tana cikin miyar taushe, tana cikin yaji, tana hannun yayyen yaro. Uwar da ta hana bakin ɗanta a irin gidajenmu, ƙofar alherin ta rufe ta bar ɗayar a buɗe. Na tuna ɗan maƙwabciyata da fatarsa, na ce Allahu akbar.

Yanzu ga yadda aka koya mini, kuma shi na bi.

Wata shida na farko nono zalla, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce. Da yaro ya cika wata shida, yana iya zama da ɗan tallafi, ya fara karɓar kunu a cokali, to lokacin gyaɗa ya yi, ba sai an jira yaye ba. In ɗanki ya riga ya shekara ɗaya ko biyu bai taɓa ci ba, ba ki makara ba, amma kada ki ƙara jira.

Sai dai akwai yaran da ba a fara musu a gida. Yaron da fatarsa ta yi tsanani, ba ƙyasbi nake nufi ba, irin mai bushewa da tsagewa da hana barci wadda ake ta shafa magani tana dawowa, ko yaron da ƙwai ya taɓa kumbura shi, wannan ki fara kai shi wajen likita, tun yana wata huɗu ma ki yi maganar, shi zai faɗa miki yadda za a yi. Wanda kuwa gyaɗar ta riga ta taɓa tayar masa, to shi babu gwaji, babu "bari a ba shi kaɗan-kaɗan ya saba". Wannan ganganci ne da rai.

Ranar farawa ki zaɓi safiya, yaro yana cikin ƙoshin lafiya, babu zazzaɓi babu mura, ke ma ba inda za ki. Ki sami niƙaƙƙiyar gyaɗa mai laushi, ko irin tamu ta inji ko ta kwalba da ake shafa wa burodi, muddin babu gutsattsari a ciki. Ki ɗebi ƙaramin cokalin shayi biyu, ki dama da ruwan zafi cokali biyu ko uku har ta saki, ki bari ta huce, ko ki kaɗa ta cikin kununsa. Kada ki ba shi da kaurinta, tana manne wa a maƙogwaro. Kada ki sa zuma in bai shekara ba. Ki lakata a bakin cokali ki ba shi, ki jira minti goma kina kallonsa. In ba ki ga komai ba ki ba shi sauran a hankali, sannan ki sa masa ido har awa biyu. In ya karɓa lafiya kada ki ce an gama, ki ci gaba da ba shi kamar sau uku a mako, domin sabon shi ne maganin.

Abin da za ki lura da shi: borin jini, ja ko kumburi a leɓe da ido. In wannan kaɗai kika gani ki tsaya, kada ki ƙara, ki kai shi a duba. In kuwa kika ga amai a kai a kai, tari ko fito a numfashi, murya ta dishe, harshe ya kumbura, ko yaro ya saki jiki ya yi laushi, to ki bar komai ki nufi asibiti a guje, addu'arki a bakinki. Babu manja, babu madara, babu hayaƙi. Ƙwayar maganin ƙaiƙayi ta kemis ba ta buɗe maƙogwaro. Allurar adirenalin ce ke ceto, ita aka yi wa ɗan maƙwabciyata.

Haka na yi wata ranar Asabar, hannuna na rawa. Yarinya ta lashe cokali, ta kama shi da hannu biyu tana neman ƙari. Na zauna ina kallon agogo ina kallon leɓenta har awa biyu suka cika. Ba abin da ya same ta sai barci.

Da yamma na wanke fulas ɗin nan da ya yi wata biyu a kan kabad ɗina, na goya yarinya na tafi gidan Hajiya. Na durƙusa na ce, "Hajiya, na zo ki yafe mini, na yi kuskure. Tsoro ne ya sa ni, ba raini ba." Na kwashe labarin ɗan maƙwabciya da na likita na faɗa mata. Ta yi shiru can ta ce, "To me ya hana ki faɗa mini tun ranar? Ni dodo ce?" Wannan tambayar ta fi komai shiga ta, domin gaskiya ba gyaɗa ce ta raba mu ba, ƙaryar da na yi ce. Ta karɓi kishiyarta ta ce ai ga shi nan an ramar da ita, ta tashi ta hura wuta.

Amma kada ki ɗauka tsofaffi sun yi daidai a komai. Hajiya tana da ɗabi'ar damƙa wa 'yan tatata soyayyar gyaɗa a hannu. Wannan karon ban yi mata ɓoye ba, na lallaɓa na ce likita ta ce ƙwayar gyaɗa da gutsuren ƙuli mai tauri ba a ba yaron da bai shekara biyar ba, domin tana iya sarƙe shi ta faɗa hanyar numfashi. Sai ta ce ita ma ta san wani yaro a tsohuwar unguwarsu da haka ta faru da shi. Tun daga nan sai ta daka ta tankaɗe take ba su. Ita kuma ta koya mini abin da ban iya ba, wato tsintar gyaɗa. Duk wadda ta yamutse, ko ta canja launi, ko ta yi fumfuna, ko take ɗaci, a zubar. Likita ma ta tabbatar mini cewa fumfunar gyaɗa na ɗauke da dafi mai lalata hanta, kuma suya ba ta kashe shi. Don haka in za ki niƙa wa yaro, ki sayi ƙwayar ki tsince da hannunki, ya fi ki sayi niƙaƙƙiyar da ba ki san da me aka yi ta ba.

Ɗan maƙwabciyata yana nan da ransa, ya shiga makaranta. Uwarsa na fama, domin tsire da kilishi da yajin ƙuli da man gyaɗa na gida duk an hana shi, ko biki za ta sai ta tafi masa da abincinsa. An ce mata cikin yara biyar masu irin wannan, kamar ɗaya ne ke rabuwa da shi in ya girma, kuma likita ne kaɗai zai tabbatar. Don Allah in kin san irin wannan yaro kada ki ce iyayi ne irin na 'yan boko, kada ki ba shi a ɓoye don ki gwada.

Ni dai 'yata ga ta nan ta yi ɓul-ɓul, in Hajiya ta zo da fulas ita ce mai tarbarta tun daga zaure. In kina da jariri ɗan wata shida, ki duba fatarsa, ki tambayi malaman asibiti ranar awo, sannan ki dama masa. In kuma wani tsoro ya kama ki, ki faɗa wa surukarki da bakinki kafin ki zagaya bayan ɗaki da fulas.

Allah ya raya mana zuri'a, ya shirya mana su, ya ba mu haƙurin zama da iyayen mazajenmu. Kuskuren da ke ciki nawa ne, a yafe ni.

Wassalam. Taku har kullum.